Yadda muka sabunta tsarin ba da umarni na birged, tun daga fayil har filin atisaye

Ranar da aka miƙo mini fayil ɗin, shafi biyu ne kacal a cikinsa: umarnin a sabunta tsarin ba da umarni da sarrafa dakaru na birged guda, sai jerin ofisoshin da za su sa hannu. Abin da muke aiki da shi a lokacin duk sojan sigina ya san shi. Rediyon murya, taswirar takarda da aka lulluɓe da leda, fensirin maiƙo na zana inda kowane rukuni yake, da littafin da ake rubuta kowane saƙo da lokacin shigowarsa. Rukuni ya motsa, kwamandansa ya faɗa wa bataliya da baki, bataliya ta faɗa wa birged, wani ya tashi ya goge alama ya sake zanawa, kafin nan mutanen sun daɗe da barin wurin. Abin da manya ke so shi ne kowace mota ta riƙa kai rahoton inda take da kanta, kowa ya ga taswira iri ɗaya, umarni ya tafi a rubuce. Aikin ya ci mana shekara biyu da 'yan watanni, kuma aƙalla wata takwas daga ciki mu muka zubar da su, don mun fara daga inda ya kamata a ƙare. Saboda wanda za a miƙa wa irin wannan fayil gobe nake jero yadda abin ya bi.

Wata ukun farko a kallon baje kolin kamfanoni suka tafi. Kowanne ya zo da manyan alluna, taswira na juyawa, hoton jirgi maras matuƙi na gudana a gefe, alamomi masu launin shuɗi na tafiya sumul. Cikinmu ba wanda ya tambayi ta inda bayanan ke isowa allon, alhali duk na'urorin a ɗaki ɗaya suke, kebul ne ya haɗa su. Da wannan zumuɗin muka rubuta takardar buƙata ta farko, ofishin tsare-tsare ya dawo mana da ita bayan mako biyar, kowane shafi ya sha jan biro. Ran nan na ji haushi, amma su ke da gaskiya. Mun cika ta da "mai sauri" da "mai tsaro" da "na zamani", kalmomin da ba mai iya gwada su ya ce an ci ko an faɗi. Jadawali suke so: wa ke aikawa, wa ke karɓa, wane irin saƙo, girmansa nawa, cikin daƙiƙa nawa dole ya isa, kuma a wane matakin sirri. Sai muka ɗauki littafi muka bi ofis-ofis. Masu igwa suka ce saƙon neman wuta ƙarami ne, amma ba ya jira kuma ba a yarda ya ɓata a hanya. Likitoci suka kawo saƙon neman a ɗauke wanda ya ji rauni, layi tara ne, shi ma ba ya jira. Masu kula da kaya rahotonsu na mai da harsashi yana da girma, sai dai ko bayan awa guda ya iso ba a yi asara ba. Masu leƙen asiri suka dage sai bidiyo, da muka matsa musu suka amsa cewa a mafi yawan lokuta hoto ɗaya da lambar wuri da lokacin ɗauka ya wadatar. Wannan zagayen ya ɗauki mako bakwai, kuma shi ne mafi amfani a duk aikin.

Da jadawalin ya kammala sai muka yi lissafin da tun ranar farko ya kamata a yi, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Rediyon yaƙi na VHF, mai aiki tsakanin megahaz 30 da 88 a kan tasha mai faɗin kilohaz 25, irin SINCGARS na Amurka, abin da takardarsa ta ce yana ɗauka kilobit 16 ne a daƙiƙa. A takarda ke nan. In aka cire abin da gyaran kuskure ke ci, da jiran da kowane rediyo ke yi sai tasha ta yi shiru, da murya da ke katse bayanai duk sanda wani ya danna maɓalli, abin da ke saura kaɗan ne. To ɗauki mota 120, kowace na aika rahoton inda take duk daƙiƙa 10. Idan an rubuta rahoton da tsarin saƙo na Cursor on Target a sigarsa ta XML mai dogon rubutu, wanda manhajar taswirar soja ta ATAK ke amfani da shi, saƙo ɗaya yakan kai ɗaruruwan bayit, mu ce 500. Ninka 120 da 500 da 8 (bit takwas ke cikin bayit guda), ka raba da 10, za ka sami kilobit 48 a daƙiƙa, wato ninki uku na abin da rediyon ke iyawa ko da ba wanda ya ce uffan. In kuwa aka matse rahoton ya koma kamar bayit 40, irin yadda tsarin saƙon soja na VMF ke tsimin kowane bit, lissafin ya sauko ƙasa da kilobit 4. Ka ƙara da dokar cewa motar da ke tsaye ta yi rahoto duk minti biyar, mai tafiya kuma duk mita 200 ko duk minti guda, sai hanya ta samu. Na san ba a zuba mota 120 a tasha ɗaya, ana rarraba su, amma duk rahoton nan sai ya taru a hanyar da ke hawa zuwa birged, kuma can ne maƙogwaron yake.

Nisa ma lissafi ne. Eriya biyu masu tsayin mita 2 a shimfiɗaɗɗen fili suna daina ganin juna bayan kilomita 11 ko 12. Ɗaga ɗaya zuwa mita 10, nisan ya kusan kai 19. Tudu da daji da gine-gine kuwa ragewa suke yi. Shi ya sa tsarin ya fito hawa-hawa: VHF don murya da gajerun saƙonni, rediyoyi masu miƙa wa juna saƙo kamar saƙar raga don bayanai masu yawa a gajeren zango, rediyon HF mai dogon zango da eriya kwance kusa da ƙasa mai harba sigina sama ta dawo ta rufe ɗaruruwan kilomita, sai tauraron ɗan'adam. Tauraron da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 yana sa saƙo ya yi fiye da rabin daƙiƙa kafin amsarsa ta dawo, kuma manhajar da aka rubuta don ofis takan ɗauka layi ya yanke ta yi ta maimaita aikawa har ta cushe hanyar. Ga kowane layi na jadawalin muka rubuta hanya huɗu, ta farko da ta madadi da ta ko-ta-kwana da ta gaggawa, da sharaɗin kada biyu su rataya a kan abu ɗaya. Hanyoyi biyu da duk suke shan wuta daga janareta guda, a wurina hanya ɗaya ce.

Daga nan aka shiga rubuta takardar tanda tare da ofishin sayayya da lauyoyi. Sun fi mu sanin kwangila, mun fi su sanin rediyo, kuma duk abin da ba mu faɗa musu ba bai shiga ba. Muka sa a rubuce cewa alamomin taswira su bi ƙa'idar MIL-STD-2525 ta sojan Amurka ko APP-6 na NATO, inda namu ke fitowa da shuɗi, abokan gaba da ja mai siffar lu'ulu'u, 'yan ba-ruwanmu da kore, wanda ba a tantance ba da ɗorawa, kuma a faɗi wace siga ce, don lambobin da ke bayan alamomin sun canza tsakanin sigar C da ta D. Muka sa MIL-STD-810 don zafi da ƙura da girgiza, MIL-STD-461 don kada na'ura ta dagula wa maƙwabciyarta sigina, MIL-STD-1275 don wutar mota. Sharaɗin da ya fi jawo gardama shi ne na mallakar takardun da ke bayyana yadda kowane ɓangare ke magana da ɗan'uwansa. Kamfanoni ba sa son saki, don wanda ya riƙe su shi kaɗai zai iya ƙara maka ko da na'ura ɗaya har tsarin ya tsufa. Muka kuma ƙi sayen komai lokaci guda. Amurka ta soke shirinta na sabunta kayan sojan ƙasa, Future Combat Systems, a 2009 bayan ya lamushe biliyoyin daloli, ta soke babban rediyon mota na shirin JTRS a 2011, duk saboda an so a gina komai tare a kan fasahar da ba ta nuna ba. Mu bataliya ɗaya muka ce a fara da ita, in ta ci gwaji a ci gaba.

Kuskure na biyu mai tsada shi ne yadda muka jera ofisoshi uku, hukumar zangon rediyo da ofishin tsaron bayanai da na lasisin fitarwa, ɗaya bayan ɗaya, alhali tare ya kamata a buɗe fayil a dukkansu tun ana rubuta tanda. Hukumar rabon zangon rediyo ta nemi ƙarfin kowane rediyo da faɗin tasharsa da irin eriyarsa da yankin da za a yi aiki. Da ta duba sai ta ce wani yanki na zangon da rediyoyin raga ke amfani da shi an riga an ba masu wayar salula, dole a koma wani samfuri. Ofishin tsaron bayanai kuma ya nemi zanen hanyar sadarwa gaba ɗaya, jerin kowace manhaja da lambar sigarta, wanda ke da izinin soka wani abu a jikin kwamfuta, da rubutaccen tsari na abin da za a yi in na'ura ta faɗa hannun abokan gaba: yadda za a goge makullan sirrinta, da yadda za a kore ta daga hanyar daga nesa. Suka ce a kashe Bluetooth da Wi-Fi na kwamfutocin hannu tun daga masana'anta, kuma hanyar bayanan sirri kada ta taɓa wadda ba ta sirri ba sai ta ƙofa ɗaya mai tace saƙo. Kowane ɗaya daga waɗannan gyare-gyare ya canza lambar samfurin kaya. Lambar samfuri kuwa ita ke rubuce a takardar shaidar mai amfani na ƙarshe, wadda ƙasar da ke sayarwa ke dogara da ita kafin ta ba da lasisin fitarwa. Kayan Amurka na soja, alal misali, dokar ITAR ke bi da su a ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Takardar da muka riga muka aika ta zama ta banza, aka sake wata, aka koma bayan layi. Daga baya muka tuna ba mu sa rediyoyin ajiya ba, adadi ya sake canzawa, aka sake gyara. A nan wata biyar suka wuce ba abin da muke yi sai bibiyar fayil da amsa tambayar manya cewa ina aka kwana.

A ofishin kasafi an gano cewa kuɗin da ke takardarmu na ƙarfe ne kawai. Babu lasisin manhaja da ake biya a kan kowace na'ura duk shekara, babu kuɗin hayar tauraron ɗan'adam, babu hotunan sama na taswira, babu kebul da mahaɗai na ajiya, waɗanda su ne suka fi komai mutuwa, babu cajoji, babu horon zagaye na biyu. Batir kaɗai ya isa a zauna a kansa. Soja mai ɗauke da rediyon raga da kwamfutar hannu, mu ce yana jan wat 15. Kwana uku awa 72 ne, wato wat-awa 1,080. Batir irin BB-2590 na sabon samfuri yana riƙe kusan wat-awa 290, nauyinsa kusan kilo 1.4, ke nan guda huɗu, fiye da kilo biyar da rabi a kan harsashi da ruwa da sulke. Sojojin Birtaniya sun yi irin wannan kukan na nauyi da batir lokacin da tsarin rediyonsu na Bowman ya maye gurbin Clansman. Sannan batirin lithium kaya ne mai haɗari na aji 9, yana buƙatar shaidar gwajin UN 38.3, kuma tun 2016 ba a loda shi shi kaɗai a matsayin kaya a jirgin fasinja. Rediyoyinmu sun iso, batura suka biyo baya da mako shida.

Gwajin da ake yi a masana'anta zan wuce shi da sauri, don kusan kullum ana cin sa. Abin lura ɗaya ne: kada a yarda a gwada ta kebul zalla. A sa na'urar rage ƙarfin sigina tsakanin rediyoyin, a matse hanyar ta koma 'yan kilobit, a riƙa zubar da wani kaso na saƙonni da gangan, a yanke layin na minti ashirin a mayar, a ga abin da manhajar za ta yi. Tamu da aka mayar mata da layi sai ta kwaso duk tsofaffin rahotannin da suka taru ta tura gaba ɗaya, saƙon neman wuta ya tsaya a bayansu. Muka rubuta cewa rahoton wuri sabo ya share tsoho, kuma saƙon igwa da na likita su tsallake layi. Tun da ba mu sa hannu ba tukuna, gyaran bai ci mana ko sisi ba.

Ɗora kaya a motoci ya fi yadda muka zata wuya. Wutar motar soja bolt 28 ce, amma sa'ad da ake tayar da inji takan faɗi ƙasa sosai, kwamfutar ta mutu ta sake tashi, minti uku ko huɗu motar ba ta kan taswira. Maganinsa na'urar daidaita wuta mai ɗan batir a ciki. Tsofaffin motoci altanetarsu ba ta iya ɗaukar ƙarin kaya in inji na aiki a tsaye, sai da aka auna abin da kowace na'ura ke ja aka canza wasu. Sai matsalar da ta ci mana kwana tara: wata mota duk sanda aka yi magana a rediyonta sai GPS ɗinta ya ɓace. An canza eriya, an canza kebul, shiru. Ashe tashar da aka ba ta tana kusa da megahaz 78.77, ninki 20 na wannan kuwa ya faɗa daidai kan 1575.42, inda siginar GPS ta L1 take. Rediyo mai wat 50 a nisan kamu biyu da eriyar da ke sauraren raɗa daga sararin samaniya, ai dole ya kurmantar da ita. Aka nisanta eriyoyin, aka sa matatar sigina, aka cire irin waɗannan tashoshi daga jadawalin rabo. Darasin da muka ɗauka shi ne a gama mota ɗaya tak daga kowane iri, a gwada ta da komai a kunne, a zana inda kowane ƙusa ya shiga, sannan a taɓa sauran. Allon da aka kafa inda rana ke dukansa ta gilashi yakan kashe kansa da tsakar rana, kuma ba a karanta shi sai an yi masa rumfa.

Taswira da agogo su ne abin da ba a gani sai sun yi ɓarna. GPS yana ba da wuri bisa ma'aunin WGS 84, tsofaffin taswirorin takarda da yawa kuwa a kan wani ma'auni aka zana su, kuma bambancin yakan wuce mita ɗari, wani wurin ɗaruruwa. Lambar wuri mai lambobi shida tana nuna fili mai faɗin mita 100, mai takwas mita 10, mai goma mita 1, amma lambobi goma a kan ma'aunin da ba daidai ba ƙarya ce da aka yi wa ado. Muka je wurare biyar da aka san ainihin matsayinsu, muka kwatanta allo da takarda da na'urar masu igwa har suka zo ɗaya. A horo kullum ina kawo abubuwa biyu da suka faru. A ranar 25 ga Fabrairun 1991 a Dhahran ta Saudiyya, agogon na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot da ta yi kusan awa 100 a kunne ya kauce da kusan sulusin daƙiƙa, ta kasa tare makamin Scud, sojojin Amurka 28 suka mutu. A ranar 5 ga Disambar 2001 kuma, a arewacin Kandahar, an canza batirin na'urar GPS bayan an lissafa wurin da za a kai wa hari, da ta tashi sai ta nuna inda mai riƙe da ita yake, bam ɗin jirgin B-52 ya sauka a kansu, Amurkawa uku da wasu 'yan Afganistan da ke tare da su suka rasu. Rediyo mai tsalle daga tasha zuwa tasha shi ma in agogonsa ya kauce daga na sauran ba zai ji kowa ba, don haka muka tsayar da tushen lokaci ɗaya da hanyar daidaita shi da hannu in GPS ya tafi.

Makon da ya gabaci atisaye ya ƙare a loda makullan sirri da sunaye. Kowace na'ura sai an ba ta suna da adireshi da matsayinta a jerin rukunai. Mu da sunan mota muka fara, sai motar kwamandan wani rukuni ta lalace ya koma wata, saƙonninsa suka ci gaba da zuwa gareji. Muka koma ba da suna bisa muƙami, mutum ya shiga da muƙaminsa a duk motar da ya hau. Makullai kuma in rabin rukuni ya koma sabo rabi na kan tsoho, an raba su biyu ke nan ba tare da kowa ya sani ba. Sai an sa lokacin sauyi a rubuce, an bar tsohon makulli na ɗan lokaci, an kuma kira kowa ɗaya bayan ɗaya.

Atisayen kwana goma ne. Rana ta farko da ta biyu komai lafiya, har aka fara yi wa juna barka. A rana ta uku ana tsara motsi bisa abin da allo ya nuna, sai wani samanja da ya daɗe a aiki ya matso ya nuna wata alama da yatsa ya ce, "Yallaɓai, wannan motar da ke bakin gada, ai tun da asuba na bar ta a wurin shan mai." Rediyonta ya mutu awa huɗu da suka wuce, alamarta na nan shuɗi shar kamar yanzu ta yi rahoto. Wannan ya fi rashin allon haɗari, don fensirin maiƙo kowa ya san yana iya zama tsohon labari, allo kuwa an yarda da shi. A daren muka sa alama ta dusashe in ta yi minti goma ba rahoto, ta ɗauki lokacin rahotonta na ƙarshe a gefe, kuma alamar abokan gaba ta nuna wanda ya sa ta da lokacin da ya gani. Mutum uku sun ga tanka ɗaya daga wurare uku, taswira ta nuna tankoki uku, sai da aka naɗa mutum guda a sashen leƙen asiri mai haɗe irin waɗannan.

A rana ta shida aka kunna na'urar toshe sigina ba tare da an sanar da kowa ba, kamar yadda muka roƙa. GPS ya tafi, rediyoyin raga suka rarrabu gida-gida. Abin da ya ba ni tsoro shi ne shirun da ya biyo baya: kusan minti ashirin hedikwatar bataliya na kallon allo tana jira ya dawo, ba wanda ya ɗauki rediyon murya, taswirar takarda kuma tun rana ta biyu ba a taɓa ta ba. Kwana biyar kacal suka isa hannu ya manta. Wata illar kuma daga sama ta zo. Da hedikwatar birged ta ga tana iya ganin kowace mota, sai ta fara kiran ƙananan kwamandoji kai tsaye tana tambayar dalilin tsayawar mota kaza, ta tsallake bataliya. Kwamandan birged da kansa ya tsawatar, aka saita allon hedikwatarsa ya riƙa nuna rukuni a dunƙule, sai da dalili a buɗe shi. Masu sauraren sigina da suka yi mana aikin abokan gaba kuma suka kawo zanen inda hedikwatarmu take, sun gano ta cikin ɗan lokaci daga tarin eriyoyi da ba sa yin shiru. Yaƙin Ukraine tun 2022 ya nuna abin da ke samun hedikwatar da aka gano. Muka ja eriyoyin nesa da tanti da kebul, muka rage ƙarfin watsawa zuwa iya buƙata, muka raba hedikwatar gida biyu, muka riƙa auna minti nawa ake ɗauka a naɗe a tashi.

A zaman karɓar aiki ɗan kwangila ya zo da takarda ɗaya ta a sa hannu an karɓi komai. Muka raba ta uku. Rahoton wuri da saƙonnin rubutu mun karɓa. Haɗi da na'urar masu igwa mun karɓa bisa sharaɗin gyara abubuwa huɗu cikin kwana 60, aka riƙe wani kaso na kuɗin. Haɗi da jiragen sama, wanda ke buƙatar na'urar fassara tsakanin saƙonninmu da na Link 16, hanyar bayanai ta jiragen yaƙi, mun ƙi, don sau biyu cikin gwaji alamar namu ta isa can a matsayin wanda ba a tantance ba. Abin da ya ba mu ƙarfin ƙi shi ne jadawalin nan na farko, kowane layi da lambarsa da sakamakon gwajinsa da sa hannun shaida. Ƙasashen NATO ma duk shekara sai sun taru a Bydgoszcz ta ƙasar Poland suna gwada ko na'urorinsu na jin maganar juna, duk da cewa a takarda ƙa'ida ɗaya suke bi. Kalmar "ya dace da ƙa'ida" a takardar kamfani ba ta maye gurbin gwaji.

Wanda zai bi wannan hanya, in zai ji shawara, ya yi jadawalin saƙonni da lissafin hanya kafin ya karɓi baƙuncin kowane kamfani, ya buɗe fayil a hukumar zango da ofishin tsaron bayanai da na lasisin fitarwa a mako guda, kuma kada ya aika takardar shaidar mai amfani sai lambar samfuri da adadi, har da na ajiya, sun tsaya. Ya shigar da sajan-sajan da direbobi tun ana zaɓen inda za a kafa allo, don su za su taɓa shi da safar hannu cikin mota mai girgiza. Horo kuma kada a ba hafsoshi kaɗai. Cikin mutum goma sha biyu da muka fara horarwa a matsayin masu kula da tsarin, bakwai an yi musu canjin wurin aiki kafin shekara ta zagayo, sai da muka nemi ofishin ma'aikata ya riƙa sanar da mu wata uku kafin a ɗauke kowa, muka kuma mayar da darasin cikin manhajar karatu ta makarantar sigina. Kowace na'ura tana da kati mai ɗauke da sigar manhajarta, kuma ba a sabunta rabin bataliya a bar rabi.

Yanzu bataliya ta biyu ake ɗora wa kaya, kuma motar gwaji ta kowane iri ta ɗauki kwana huɗu maimakon mako uku. A dokar aiki ta hedikwata an rubuta cewa kofur mai tsaron taswira ya kwafe abin da ke allo zuwa leda duk rabin awa, ya rubuta lokaci a kusurwa. Duk mako akwai awa huɗu da ake kashe tsarin ba sanarwa, a yi aiki da murya da fensir, a rubuta minti nawa aka ɗauka kafin saƙo na farko ya fita. Haɗin jiragen sama yana nan a buɗe, an sa gwajinsa na uku bayan kamfanin ya kawo sabuwar sigar na'urar fassarar.